Ƙwaya ɗaya a ƙarƙashin Bahar Rum: Shin ta isa hujja?

Tun bayan da masana kimiyya na ƙungiyar KM3NeT suka ba da sanarwa a ranar 12 ga watan Fabrairun 2025 cewa na'urarsu da ke ƙarƙashin tekun Bahar Rum ta kama ƙwayar nutirino mafi ƙarfi da aka taɓa gani, ake ta tafka muhawara a kan abin da wannan gani guda ɗaya tak yake nufi.

Lamarin ya auku ne shekara biyu kafin sanarwar, wato ranar 13 ga watan Fabrairun 2023, da misalin ƙarfe biyu da kwata na dare agogon Najeriya. Wani haske ya ratsa na'urar da ake kira ARCA, wadda aka kafa a zurfin mita 3,450, kimanin kilomita 80 daga gaɓar tsibirin Sisili na ƙasar Italiya.

Masanan sun ƙiyasta cewa ƙarfin ƙwayar ya kai 220 a ma'aunin PeV, wato ya ninka wajen sau dubu 30 a kan ƙarfin da babban injin cibiyar CERN da ke Janiba yake iya ɗora wa ƙwayar zarra guda.

Kusan babu mai musun cewa an ga abin. Inda ake ja-in-ja shi ne a kan lissafi: sau nawa ya kamata a riƙa ganin irinta, kuma me ya sa na'urar da ta fi wannan girma da daɗewa ba ta taɓa gani ba?

Abin da ake farauta

Nutirino wata ƙwaya ce da ta fi ƙwayar zarra ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ba ta ɗauke da cajin lantarki, nauyinta kuma kusan babu, saboda haka takan ratsa dutse da ruwa da jikin ɗan Adam ba tare da ta taɓa komai ba.

A kowace daƙiƙa, kimanin biliyan 65 daga cikin waɗanda rana ke fitarwa suna ratsa wurin da bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba. Ko ƙaramin injin nukiliya na bincike da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wanda ya fara aiki a shekarar 2004, yana fitar da wani nau'i nasu duk lokacin da aka kunna shi. Hasali ma a gefen wani injin nukiliya ne a Amurka aka fara tabbatar da samuwarsu a shekarar 1956.

To amma ba waɗannan ake nema a ƙarƙashin teku ba. Ana neman masu tsananin ƙarfi ne da ke fitowa daga can nesa cikin sararin samaniya. Da yake babu abin da ke karkatar da su a hanya, suna iya nuna ainihin wurin da suka taso.

Ita ƙwayar ba a ganin ta. Sai idan ta yi karo da ƙwayar zarra a cikin ruwa ko dutse, sannan ta haifi wata ƙwaya mai caji da ake kira miyuwon, wadda ke barin wani shuɗin haske a bayanta. Wannan haske ne ake dako. An kafa igiyoyi masu tsawon kimanin mita 700 a ƙasan teku, kowace igiya da ƙwallayen gilashi 18, kowane ƙwallo da idanu 31 masu jin haske.

Abin mamaki shi ne, waɗannan na'urori sun fi dogara ga abin da ya ɓullo ta ƙasa ko ta gefe, domin doron duniya yana tace musu tarkace. Ƙwayar da ta shiga ƙasa a gonakin gero na Ɗambatta ko Kunci a arewacin jihar Kano, in ta fuskanci arewa, za ta iya bi ta ƙarƙashin Hamada har tsawon kimanin kilomita 2,800, ta ɓullo a tsakiyar igiyoyin Sisili.

Ƙoƙo da daro

Hanyar ƙiyasta yawan abin da na'ura za ta kama ba ta da bambanci da tarar ruwan sama. Abin da za a samu ya dogara ne a kan ƙarfin ruwan, da faɗin bakin abin da aka tara, da kuma tsawon lokacin da ya yi a waje. Masana na ninka yawan ƙwayoyin da ke zuwa da girman abin da na'urar ke iya tarewa, sannan su ninka da kwanakin da ta yi tana aiki.

Sai dai wahalar ita ce, na farkon shi ne ba a sani ba, kuma shi ake son a gano. Na biyun ma ba tsayayye ba ne, yana sauyawa gwargwadon ƙarfin ƙwayar da kuma inda ta fito. Masu matsakaicin ƙarfi suna iya ratsa duniya. Mai ƙarfi irin ta 2023 kuwa ƙasa na haɗiye ta, don haka ba ta da mashiga sai ta wani siririn saƙo kusa da inda sama ta haɗu da ƙasa. Ta nan ɗin kuwa ta zo, ƙasa da digiri ɗaya a saman wannan layi.

Ga kuma hayaniya. Ruwan teku yana ɗauke da wani nau'in sinadarin fotashiyam mai fitar da ɗan haske, halittun zurfin teku su ma suna walƙiya, igiyoyin kuma suna rangaji da motsin ruwa. Mafi muni shi ne ƙwayoyin da ake haifarwa a iskar da ke kewaye da duniya.

Na'urar IceCube, wadda aka binne cikin ƙanƙarar yankin Antaktika aka kuma kammala a watan Disambar 2010, ta nuna girman matsalar. A shekara guda takan rubuta miyuwon na sararin duniya kimanin biliyan 100, da nutirino na sararin duniya wajen dubu 100, alhali waɗanda suka zo daga nesa ba su wuce ƴan ɗaruruwa ba, ko ma ƙasa da haka.

A wannan fannin, ƙwayar 2023 ta tsallake siraɗi. Da miyuwon ɗin daga iskar duniya ya fito, da sai ya ratsa fiye da kilomita 100 na dutse da ruwa kafin ya iso, abin da ba ya yiwuwa. Nutirino na sararin duniya mai irin wannan ƙarfi kuwa, lissafi ya nuna sai a yi dubban shekaru ba a kama ɗaya ba.

Matsalar lamba ɗaya

Manomi a ƙasar Bichi ko Makoɗa ya san cewa ruwa guda a watan Afrilu ba ya nufin damina ta sauka. Ruwan gaskiya ne, ƙasa ta jiƙa, amma wanda ya fitar da irinsa duka ya shuka a kansa yana iya yin shuka biyu. Shi ya sa masu hankali kan tona ƙasa su ga iyakar danshi, su kuma jira na biyu.

Lissafin abubuwan da ba safai suke aukuwa ba haka yake. Idan ana sa ran ganin abu sau ɗaya a shekara, akwai yiwuwar kashi 37 cikin ɗari cewa shekarar za ta ƙare ba a ga komai ba. Idan kuma an ga guda ɗaya, ainihin adadin da ya kamata a riƙa gani yana iya kasancewa daga ɗaya cikin shekara 20 har zuwa kusan biyar a shekara. Tazarar ta kusa ninki ɗari.

Ko ƙarfin ƙwayar ma ba a tsaye yake ba. Abin da aka auna kai tsaye shi ne miyuwon mai ƙarfin kimanin 120, daga nan aka ƙiyasta 220. Rahoton da mujallar Nature ta buga ya ce lambar gaskiyar tana iya kasancewa tsakanin 72 da 2,600. Kafafen watsa labarai da dama 220 ɗin kawai suka ɗauka.

To a nan ne IceCube ta shigo. A lokacin da abin ya faru, igiyoyi 21 kacal ne ke aiki a ARCA daga cikin 230 da aka tsara, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin goma. IceCube kuwa a lokacin tana da igiyoyi 86 da idanu 5,160, ta cika kilomita guda ta kowace fuska, ta kuma shafe fiye da shekara goma tana dako. Duk da haka ba ta taɓa kama ƙwayar da ta kai ko da ushirin wannan ƙarfi ba. Cibiyar Pierre Auger da ke Ajantina ita ma ba ta ga komai ba.

Wato ɗigon ya faɗa cikin ƙoƙo, daron da ya kwana a waje kuwa a bushe.

Su kansu masanan KM3NeT ba su ɓoye wannan ba. Da suka haɗa ganinsu da rashin ganin sauran, lissafi ya nuna cewa na'ura mai igiyoyi 21 ya kamata ta kama irin wannan ƙwaya sau ɗaya cikin kimanin shekara 70. Su kuwa sun same ta cikin kwanaki 335 na aiki.

Ma'aunin sigima

Masana na auna ƙarfin hujja da wani ma'auni da suke kira sigima, wanda ke nuna yiwuwar a ga abu bisa katari kawai. Sigima uku na nufin kimanin sau ɗaya cikin 740, kuma ana kiran sa alama. Sigima biyar, wato sau ɗaya cikin miliyan uku da rabi, shi ne kaɗai ake yarda a kira ganowa.

Saɓanin da ke tsakanin KM3NeT da IceCube, rahoton farko ya sanya shi a 2.2. Wani nazari da ƙungiyar ta sake yi a 2025 ya kai shi tsakanin 2.5 da 3, wasu masana da ba sa cikin ƙungiyar kuma sun samu sama da uku. Lambobin sun bambanta ne saboda kowa da irin hasashen da ya ɗora lissafinsa a kai. Wannan shi ne mafi munin wuri da sakamako zai tsaya: ya yi yawa a yi watsi da shi, bai kuma kai a gina wani abu a kansa ba.

Tsananta sharaɗin yana da dalili. A shekarar 2011 gwajin OPERA a Italiya ya ba da rahoton cewa nutirino ya fi haske gudu, da ƙarfin sigima shida. A 2012 aka gano cewa wata waya ce ba a ɗaure ta da kyau ba. Sigima na auna katari ne kurum, ba ya auna kuskuren na'ura.

Akwai kuma tarkon yawan dubawa. Wanda ya leƙa wurare dubu a sama, dole ya ci karo da wani abin da ya yi kama da alama. Rashin tabbas a kan inda ƙwayar 2023 ta fito ya kai digiri ɗaya da rabi, wato faɗin wata sau uku, kuma a wannan fili da kewayensa an samu fiye da goma na taurarin dangi masu feshin wuta da ake kira bilaza. Ba a iya ɗora alhakin a kan ko ɗaya ba.

IceCube ma ta bi ta wannan hanya. A 2013 ta fara da ƙwayoyi 28 da sigima huɗu, sai da ta ƙara bayanan shekara guda sannan ta haye biyar. A 2022 ta danganta ƙwayoyi kimanin 79 da tarin taurarin NGC 1068, amma ƙarfin hujjar ya tsaya a 4.2.

Abin da ke kan faifai

Bayanai uku ne suka fi yawo. Na farko, sa'a ce kawai aka taka. Na biyu, wani wuri ne a sama ya yi tartsatsi na ɗan lokaci, a daidai kusurwar da Bahar Rum ya fi Antaktika iya gani. Na uku, ƙwayar tana cikin waɗanda masanan Tarayyar Sobiyat, Berezinsky da Zatsepin, suka yi hasashe tun 1969, masu samuwa idan ƙwayoyi masu tsananin ƙarfi suka yi karo da daɗaɗɗen hasken da ya cika sararin samaniya. Na ukun ne ya fi ɗaukar hankali, shi ne kuma ya fi cin karo da shirun IceCube.

Batun bai tsaya a ilimi kaɗai ba. IceCube ta ci kimanin dala miliyan 279, kuma ƙiyasin yawan abin da za a kama shi ne hujjar da ake gabatar wa gwamnatoci idan ana neman kuɗin sabuwar na'ura. Rasha na gina tata a tafkin Baikal, Sin ta tsara TRIDENT a tekun kudancinta, ana kuma shirin P-ONE a gaɓar yammacin Kanada. Idan aka ɗauki ƙwayar 2023 a matsayin ma'auni, za a yi alkawarin girbin da ƙila ba zai zo ba.

Daga nahiyar Afirka, jami'o'in Maroko da na Afirka ta Kudu suna cikin ƙungiyar KM3NeT, kuma babban aikin da ake yi a irin wannan haɗaka na lissafi ne da kwamfuta, ba na nutso cikin teku ba.

An ci gaba da ƙara igiyoyi a ARCA bayan 2023. Idan aka kai 230 ɗin, bakin ƙoƙon zai faɗaɗa kusan sau goma, shekara 70 ɗin kuma za ta dawo kimanin bakwai. Idan aka kama ta biyu da ta uku tun kafin wannan wa'adi, to IceCube ce za ta yi bayanin shirunta. Idan kuwa shekarun suka shuɗe babu komai, za a mayar da ƙwayar 13 ga Fabrairu cikin jerin abubuwan da aka taki sa'a a kansu.