Ƙauyen da ba ya cikin taswira

Yau da tambaya za mu fara. A ce an ba ƙaramar hukumar Faskari kuɗin haƙa rijiyoyin burtsatse goma, alhali ƙauyukan da ke neman ruwa sun fi haka nesa ba kusa ba. Ina za a haƙa? A yadda aka saba, mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. To, akwai ilimin da ke rage wannan son kai, sunansa GIS.

GIS taswira ce a cikin kwamfuta, amma mai hawa-hawa. Ku ɗauka kuna da fararen ledoji huɗu. A ta farko kun zana ƙauyuka, a ta biyu hanyoyi da rafuka, a ta uku rijiyoyin da ke aiki, a ta huɗu yawan jama'ar kowane gari. Idan kuka ɗora su kan juna kuka ɗaga wa hasken rana, nan take za ku ga inda mutane suka yi yawa babu ruwa kusa. Abin da kwamfutar ke yi ke nan, sai dai ita ana iya tambayarta: nuna mini duk ƙauyen da ke tsakanin Yankara da Sheme wanda ruwa ya fi kilomita 2 nisa da shi. Jihar Katsina tana da hukumar wannan aiki, KATGIS, kamar yadda Kaduna ke da KADGIS, ko da yake an fi sanin su da harkar filaye da takardun mallaka.

Inda ilimin ya fi nuna amfaninsa a Arewa shi ne yaƙi da cutar shan inna. Da can masu allurar rigakafi da taswirar da aka zana da hannu suke yawo, kuma rugage da ƙananan unguwanni da yawa ba sa ciki, don haka ba a zuwa wurinsu. Daga wajajen 2012 aka koma zana taswira daga hotunan tauraron ɗan'adam, aka kuma haɗa ma'aikatan da wayoyin da ke nuna inda suka taka da inda suka tsallake. Ranar 25 ga Agusta, 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka. Ba taswira kaɗai ta yi aikin ba, amma da hannunta a ciki.

Sai dai a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa taswira saurin tsufa take yi. Matsalar 'yan bindiga ta tashi ƙauyuka, mutanensu sun koma cikin gari wurin dangi. Tauraro yana ganin rufin ɗaki, amma bai san ko akwai mai kwana a ciki ba. Bai san sunan unguwa ba, bai san famfon da ya lalace tun bara ba. Ga shi rabon da a ƙidaya jama'ar Nijeriya tun 2006, kafin a haifi kusan dukanku. Wanda ya dogara da tsohon bayani sai ya gina aji inda babu yara, a bar makarantar cikin gari yara na zaune a ƙasa. A ganina, wannan giɓi ɗan gari ne kawai zai cike shi, kuma darasin labarin ƙasa da wasunku ke gudu shi ne ƙofar shiga.

Ga aikin wannan mako. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku zana unguwarku a takarda: rijiyoyi, makarantu, asibiti, kwatami da inda ruwa ke kwanciya da damina. Ku sa alama daban ga abin da ke aiki da wanda ya mutu. Cikin unguwa kawai, ban ce a fita bayan gari ba, kuma kada ku sa gidan kowa ko inda ake ajiye dabbobi, kada ku ɗora a Facebook. Ku kai wa malaminku ya duba.