Zuwa ga maƙeran bindigar toka: ku dubi harsashi kafin ku zargi bututu



Idan mafarauci ya dawo muku da bindiga yana kukan ba ta saiti, kafin ku mayar da ita wuta, ku tambaye shi me yake ɗura mata. Turawa ma sun daɗe suna wannan fama.

Sun gano cewa idan aka yi wa cikin bututu zane mai murɗewa, harsashi yakan fita yana juyi, ya tafi sak. To amma sai dalma ta kama zanen tam, ga shi ta baki ake ɗuri. Sojan Ingila mai bindigar Baker, wadda ta shigo aiki a 1800, sai ya naɗe dunƙulen dalma a ƙyalle mai maiƙo ya tura da ƙarfin tsiya. Da farko har 'yar gudumar itace ake ba shi.

A 1826 Delvigne na Faransa ya ce a bar harsashi ya zame cikin sauƙi, in ya kai ƙasa a daka shi da sanda ya baje. Ya kama zanen kam, amma a lotse yake fita. Kyaftin Minié ne, wajen 1849, ya raba gardama: harsashi mai tsini, bai kai faɗin bututu ba, gindinsa da rami, cikin ramin ɗan kofin ƙarfe. Albarushi na tashi, gindin ya buɗe ya rungumi zanen. Kofin ma yakan huda dalmar ya wuce, shi ya sa James Burton na Harpers Ferry a Amurka ya cire shi, ƙasar ta karɓi nasa a 1855. Ingila kuwa matoshin katako ta sa wa harsashin bindigarta Enfield. A yaƙin basasar Amurka, 1861 zuwa 1865, dalmar nan ragargaza ƙashi take yi, sau da yawa likita ba shi da zaɓi sai yanke ƙafa ko hannu.

Galibin bututunku sumul ne, babu zane, don haka kada wani ya ruɗe ku da dogon harsashi. Wuntsilawa zai yi a iska. Abin ɗauka shi ne awo. Ku hana masu cusa guntun rodi da tsakuwa suna dakawa, haka bututu ke fashewa a hannun mai shi. In kuma za ku narka dalma, ku yi a fili, nesa da yara da kwanon abinci, kada ɗigon ruwa ya faɗa ciki.