Dirar Laima Daga Jirgin Sama: Tsakanin Tawakkali da Ganganci

 

A 'yan shekarun nan wani wasa ya shiga bakin samarinmu, musamman masu zuwa Dubai don fatauci ko hutu, da ɗalibanmu da ke karatu a Turai da Amurka. Mutum ne zai biya kuɗinsa, a ɗauke shi a ƙaramin jirgin sama, a lula da shi har wajen ƙafa 13,000, watau kimanin kilomita 4 daga doron ƙasa, sa'an nan a zuge ƙofa ya faɗo. Kafin la'asar hotonsa ya zagaye wayoyin dangi, baki buɗe, tsibirin nan na Jumaira mai siffar dabino shimfiɗe a ƙarƙashinsa. Da ganin hoton sai jama'a su rabu biyu. Wasu su ce haramun ne ɗungurungum, kisan kai ne aka yi wa kwalliya. Wasu su ce ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa, wanda kwanansa ya ƙare ko a kan gadonsa yake zai cika. Mu dai a ganinmu dukkan ɓangarorin biyu sun yi gaggawa, alhali kuwa malaman usulu sun daɗe da koya mana cewa sai an suranta abu daidai kafin a ɗora masa hukunci.

To, bari mu suranta shi. Baƙon da bai taɓa dira ba, ba a sakinsa shi kaɗai. Ana ɗaure shi ne da ƙugiyoyi huɗu a ƙirjin wani ƙwararre, laimar tana bayan ƙwararren. Mu kira wannan dirar goyo, ko da yake goyon na gaba ne. An fara ta a Amurka a farkon shekarun 1980. Da sun bar jirgi sukan yi kusan minti guda suna faɗowa da gudun da ya kai kilomita 200 a awa ɗaya, sai a wajen ƙafa 5,000 a buɗe laima, su yi 'yan mintoci suna shawagi kafin su taka ƙasa. Jakar da ke bayan ƙwararren laima biyu ce a cikinta, babba da ta ko-ta-kwana. In babbar ta cije ko ta harɗe, akwai mariƙin da ake ja ta tsinke ta tafi, a ja na biyu ta ko-ta-kwana ta buɗe. Akwai kuma wata 'yar na'ura mai auna tsayi da gudu; idan mutum ya kusa ƙasa bai rage gudu ba, kamar wanda ya suma, sai ta datse zaren da ya rufe laimar ko-ta-kwana da kanta. Wadda ta fi shahara, CYPRES, ƙirar Jamus, ta shiga kasuwa a 1991, kuma ga ƙwararre mai dira shi kaɗai tana aiki ne a wajen mita 225 daga ƙasa.

Sha'awar shawagi a sama ba baƙuwa ba ce ga Musulmi. Al-Maƙƙari ya hakaito cewa Abbas ɗan Firnas, masanin nan na Ƙurɗuba a ƙarni na uku bayan Hijira, ya yi wa kansa fikafikai ya tashi, amma ya ji rauni a baya wajen sauka, domin bai lura da cewa tsuntsu da jelarsa yake sauka ba. Bafaranshe Garnerin kuwa a 1797 ya diro da laima daga balan-balan a birnin Faris. Mai karatu ya riƙe labarin ɗan Firnas, za mu bukace shi a gaba.

Me ƙidaya ta nuna? Ƙungiyar masu dirar laima ta Amurka, USPA, ta lissafa mutuwar mutum 10 a cikin dira kimanin miliyan 3.65 a shekarar 2023, da mutum 9 a 2024. A shekarun 1970, lokacin da masu dirar ba su kai na yanzu yawa ba, a matsakaici ana rasa sama da mutum 40 a shekara. A dirar goyo kuwa ƙungiyar ta ce kimanin ɗalibi ɗaya ke mutuwa a cikin dira 500,000. Ba mu kawo waɗannan alƙaluma don mu kwaɗaitar da kowa ba. Amma adalci ya wajaba, kuma mu da hukumar kiyaye haɗura ta Nijeriya take ƙirga mana gawa sama da 5,000 a kan hanya a 2023, haka ma a 2024, mu da muke cusa mutum huɗu a kujerar mutum uku mu ce Allah Ya kiyaye, ya kamata mu sassauta murya kafin mu kira wani mahaukaci.

A fagen fiƙihu mas'alar tana da 'yar'uwa tun da, ita ce hawan teku. Sayyidina Umar (R.A.) ya hana Mu'awiya (R.A.) fita yaƙi ta ruwa don tsoron halakar Musulmi. Sayyidina Usmanu (R.A.) ya yi izini a yaƙin Ƙubrus, shekara ta 28 bayan Hijira, bisa sharaɗin kada a tilasta wa kowa, kuma Balazuri ya ambaci cewa ya shardanta wa Mu'awiya ya tafi da iyalinsa, don a tabbatar shi kansa ya amince da tafiyar. Daga irin wannan ne fuƙaha'u suka kafa ma'aunin da suke kira rinjayen kuɓuta: abin da galibi ake tsira a cikinsa ya halatta, abin da halaka ta rinjaya a cikinsa ya haramta. Haskafi, mai Durrul Mukhtar, ya tafi a kan halaccin wasa mai haɗari ga gwanin da kuɓutarsa ta rinjaya. A ɗaya gefen kuma akwai aya ta 195 a Suratul Baƙara da ta hana jefa kai cikin halaka. Gaskiya ne Abu Ayyuba (R.A.) ya bayyana cewa ta sauka ne a kan barin ciyarwa da jihadi, amma abin lura shi ne gamewar lafazi. Akwai kuma hadisin da ya yi gargaɗi a kan kwana bisa rufin ɗaki marar katanga. A duba da kyau: ba hawa rufin aka zarga ba, rashin katangar aka zarga.

Saboda haka matsayinmu shi ne, dirar goyo a asalinta ba ta kai haramci ba, amma halaccinta yana rataye da wurin da mutum ya je da hannun da ya miƙa wa ransa. Alƙaluman da muka kawo na wuraren da ake bin doka ne. Wanda ya ɗauke su ya tafi filin da ba a bin doka ya ci bashin amincin da ba nasa ba. Binciken filin dira kafin a hau jirgi shi ne katangar rufin, kuma shi ne ɗaurin raƙumin da aka umarci Balaraben ƙauye da shi kafin ya dogara ga Allah.

Abu na farko da za a tambaya shi ne wace hukuma ke sa ido a kan filin, kuma wace takarda ce a hannun wanda za a ɗaure ka a jikinsa. A tsarin USPA ba a ba mutum iznin goyon ɗalibi sai ya yi dira 500 da shekara uku cikin wasan, ya kuma ci jarrabawa ta musamman. Wannan tambaya ba rashin kunya ba ce. A watan Agusta na 2016, a wani fili da ke Lodi a jihar Kalifoniya, wani yaro ɗan shekara 18 ya mutu a dirarsa ta farko tare da wanda ya goya shi, daga baya aka gano cewa mai goyon ba shi da ingantacciyar shaidar wannan aiki. A 2021 kotu ta yanke wa iyayen yaron diyyar dala miliyan 40, a 2024 kuma aka sami wanda ya horar da mai goyon da laifin zamba. A Amurka ke nan, ƙasar da ta fi kowace yawan filayen dira. Ina ga wani bakin teku inda aka jingina wasan da otal don masu yawon buɗe ido?

Sai kayan aiki. Dokar hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta wajabta a warware laimar ko-ta-kwana a sake naɗe ta duk bayan kwana 180, ko an yi amfani da ita ko ba a yi ba, kuma mai lasisin naɗi ne kaɗai zai yi. Akwai kati a jikin jakar mai ɗauke da kwanan wata da sa hannunsa. Filin kirki ba ya jin haushin wanda ya ce a nuna masa katin, ko ya tambaya ko na'urar buɗe laima tana kunne.

Abin da baƙi suka fi mantawa da shi shi ne jirgin kansa, alhali kuwa ƙidayar da muka ambata ta waɗanda suka mutu a dira ce, haɗarin jirgi lissafinsa dabam. A watan Yuni na 2019 jirgin masu dira ya faɗi jim kaɗan da tashinsa a tsibirin Owahu na Hawai, mutum 11 suka rasu. Masu bincike sun ɗora laifin a kan matuƙin da ya fizgi jirgin sama da gangancin da ya fi ƙarfinsa, sun kuma gano fiffiken hagu a murɗe yake tun wani haɗari na baya, ba a gyara shi yadda ya kamata ba. Ba a yi wata guda ba wani ya faɗi kusa da garin Umiya a Suwidin, mutum 9 suka tafi. Baƙo ba zai iya duba inji ba, amma yana da ido. Zai iya ganin ko ana lissafin nauyin masu shiga, ko kowa yana ɗaura bel kafin tashi, ko kuwa ana cusa mutane ne kamar motar kasuwar ƙauye.

Mu a wurinmu babbar alamar filin da za a amince da shi ita ce ya iya cewa yau ba dira. Iska mai ƙarfi da gajimare mai kauri suna hana aiki. USPA ta iyakance iskar da ɗalibi mai dira shi kaɗai zai sauka a cikinta ga mil 14 a awa ɗaya. Wanda ya zaunar da kai yini guda yana duban sama, daga ƙarshe ya ce ka dawo gobe, ya yi asarar kuɗi don ranka. Wanda kuma ya karya farashi ƙasa da na kowa, ka tambayi kanka daga ina ya rage: daga man jirgi, ko ladan makaniki, ko albashin ƙwararre? Araha dai ba ta ado.

Kafin a hau za a miƙo maka takardu masu yawa ka sa hannu cewa ka yafe duk abin da ya same ka. Mu karanta su, kada mu sa hannu a kan abin da ba mu sani ba. Mu kuma sani cewa a shari'a yardar mutum da haɗarin da aka saba ba ta wanke mai sakaci, kamar yadda lamuni yake hawa kan wanda ya yi likitanci ba da sani ba ko da marar lafiya ne ya kawo kansa.

Yanzu mu koma ga ɗan Firnas, domin akwai waɗanda ba sa tsayawa a dira ɗaya. Sukan nemi lasisin farko bayan dira 25, su sayi kayansu, hutunsu da abokansu da albashinsu duk su koma filin, daga Eloy a Arizona zuwa Emfuriyabaraba a Sifen. A nan ne abin mamaki yake: kaso mai yawa na mamatan wannan wasa a shekarun baya-bayan nan gwanaye ne, kuma laimarsu ta buɗe lafiya lau. Saukar ce ta kashe su. Da mutum ya ƙware sai ya raina laimarsa ya nemi ƙarama mai gudu, sa'an nan ya koyi karya kwana dab da ƙasa don ya shararo a gaban 'yan kallo. In ya kuskure lissafi da 'yan mitoci ba abin da zai tare shi. Shi ya sa ake shawartar kada a ɗaura kyamara sai bayan dira 200, domin mai neman hoto hankalinsa ya rabu. Wannan ciwo malaman tarbiyya sun san sunansa tun kafin a ƙera jirgi, jiji da kai ne da son a gani, kuma babu na'urar Jamus da ke datse shi. Hukuncin wanda ya shiga wannan hali ba ɗaya ba ne da na ɗan goyo, ko da a jirgi ɗaya suka tashi.

Amma dirowa daga kan duwatsu da dogayen gine-gine, wannan ba ma ganin wata kafa ta halatta shi. Laima ɗaya ce tal, ba tazarar buɗe ta biyu. A dutsen Kiyerag na Nowe an ƙirga dira 20,850 tsakanin 1995 da 2005, mutum 9 suka mutu, watau ɗaya cikin kimanin 2,300. A gwada da ɗaya cikin 500,000.

Sauran sharuɗɗa sanannu ne, ba sai mun tsawaita ba. Dirar goyo manne jiki ce da jiki, don haka 'yar'uwa ba ta da hanya sai da ƙwararriya mace, kuma a nemi tabbacin haka tun wajen biyan kuɗi, ba a bakin jirgi ba. Mai ciwon zuciya ko farfaɗiya ko hawan jinin da bai daidaita ba, da wanda kafaɗarsa ta saba gocewa, kada ya ɓoye a takarda don kada a mayar da shi. Haka mai ƙarya a nauyinsa, domin filaye da yawa suna tsayawa a wajen kilo 100 saboda iyakar abin da kayan ke ɗauka. Kuɗin dira ɗaya a kan tsibirin Jumaira ya haura dirhami 2,000, kuma wanda ake bi bashi ko iyalinsa ke cikin ƙunci ya san amsarsa. Wanda mahaifiyarsa ta ce kada ya yi, magana ta ƙare, tunda an mayar da mai neman jihadi ma zuwa ga iyayensa, balle mai neman nishaɗi.

Wanda kuma ya cika duk wannan, ya hau, aka zuge ƙofa, sai zuciyarsa ta ƙi, ko ya ga wani abu a ɗaurin da bai kwanta masa ba, yana da ikon ya ce ya fasa. Jirgin zai sauka ko da shi ko ba shi, sai ya zauna ya sauko tare da matuƙi. Galibi ba a mayar da kuɗin.