Ɗaukaka Ƙara Ba Raina Shari'a Ba Ne

A wasu majalisu ana yawan jin cewa wanda alƙalin kotun Musulunci ya yanke wa hukunci, sannan ya ɗaukaka ƙara, ya yi wa hukuncin Allah tawaye. Masu wannan magana suna kafa ta da hujjoji uku, kuma babu wadda ta tsaya da ƙafarta.

Sun ce Turawa ne suka zo da tsarin. To ina za su kai wasiƙar Sayyadina Umar ga alƙalinsa Abu Musa al-Ash'ari, inda ya umarce shi da kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya idan ta bayyana masa yau? A ƙasar Hausa ma, tun kafin mamayar Turawa ta 1903, wanda bai gamsu da alƙali ba kan kai kukansa fadar sarki.

Sun kuma ce alƙali da Littafi yake hukunci, don haka ja da shi ja da Littafi ne. Nan kuskuren ya fi girma. Nassi ba ya kure, amma mai ɗora shi a kan mutum ɗan Adam ne. A Oktoban 2001 kotun Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini Tungar Tudu hukuncin jefewa. A Maris 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Sakkwato ta rushe shi, domin abin da ake tuhumar ta da shi ya riga dokar fara aiki. Haka aka yi da Amina Lawal: kotun Bakori ta yanke, ta Funtuwa ta tabbatar, ta Katsina ta wanke ta a Satumban 2003, har ta kafa hujja da mas'alar kwantaccen ciki ta Malikiyya da haƙƙin mai iƙirari na janye iƙirarinsa. Ƙadi-ƙadi ne, masana littattafan Mukhtasar da Tuhfa, suka gyara wa 'yan'uwansu alƙalai, da fiƙihun da masu sukar ke cewa suna karewa. Da an rufe wannan ƙofa, da an zubar da jinin mata biyu bisa kuskure.

Hujjarsu ta uku, jan lokaci, tana da ƙamshin gaskiya, don ƙara kan kwana shekaru. Amma laifin na ƙarancin alƙalai ne da ɗage zama barkatai da jinkirin haɗa kundin shari'a, kuma can ya kamata su kai ƙorafinsu.