Masu gonar Bakolori, ku daina raba wa yara tiramol

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, noman rani ke riƙe da gidaje masu yawa a Birnin Tudu da Bakura da Talata Mafara har zuwa Maradun. Albarka ce. Amma wata ɗabi'a da ta shigo fadamun nan lokacin dashen shinkafa tana ƙona min rai. Wasu masu gona in sun ɗauki 'yan ƙwadago, bayan fura da shayi sai su zaro katin tiramol daga aljihu su rarraba kamar goro, wai don a gama dashe kafin la'asar. Yaro ɗan shekara goma sha shida ya wuni a duƙe cikin taɓo, ruwa har gwiwa, bai ji zafin rana ba, bai ji ciwon baya ba. Da yamma ya karɓi kuɗinsa ya wuce kemis ya sayi na gobe da kansa. Mai gona ya kwashe buhunan shinkafarsa, uwar yaro ta kwashi ɗanta yana karkarwa.

Ka yi musu magana su ce, "Ai su ke so, in ba ka ba su ba, wani zai ba su." Malam, wannan ba uzuri ba ne. Da ɗanka na cikinka ne, za ka miƙa masa? Kai ne fa kake sahun farko a masallacin Juma'a, kuma ka sha jin malamai suna faɗin cewa abin da yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Ka san Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cuta da cutarwa. To me ya sa da ka taka bakin fadama sai duk wannan ya fice maka daga kai? Guminsa ka saya, ba hankalinsa ba.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya suna shan wani abu, miliyan 4.6 daga cikinsu tiramol da danginsa. A shekarar ce gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. An hana, amma je kasuwar Talata Mafara ka tambayi samari ko ƙwaya ta yi wuyar samu. Ga kuma 'yan siyasa da ke cika wa yara aljihu da ita lokacin yaƙin neman zaɓe, su hau kujera su fara kiransu ɓata-gari. Wannan ma zalunci ne mai zaman kansa.

Kai kuma saurayi da ka gaji da wannan rayuwa, kada ka yarda da masu cewa ka riga ka lalace. Giya ma mataki-mataki aka haramta ta, don Allah Ya san halin bayinSa. In ka daɗe kana shan tiramol, musamman mai lamba 225, ko kana haɗawa da roci, kada ka yanke rana ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Jiki kan birkice da zufa da rashin barci, wani ma har farfaɗiya. Je wurin likita ya tsara maka yadda za ka riƙa ragewa. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, kuma zuwa can ba hauka ba ne. Ka gaya wa mutum ɗaya da ka amince da shi, ko yayanka ko limamin unguwarku. Kuɗin ƙwadago kada su kwana a aljihunka, miƙa wa mahaifiyarka ta adana. Ka karya kumallo sosai kafin ka fita, ka karɓi aikin da jikinka zai iya, ko da kuɗin sun ragu. Abin da ya fi duka wuya shi ne majalisa: muddin kana zama bayan isha'i tare da masu sha, za ka koma. Sauya wurin zama. In ka zame ka sha, ka tashi ka ci gaba daga inda ka tsaya.

Iyaye, ku ma ɗaure yaro da mari ba ya cire ƙwaya daga jini. Mun ga abin da aka bankaɗo a gidajen mari na Rigasa da Daura a 2019.

Amma kan masu gona nake, kuma ba zan sauka ba. Hakimai da masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin manoma, ku tara su kafin dashen bana ku gaya musu a fili: duk wanda aka kama yana ba ɗan ƙwadago ƙwaya, a miƙa shi ga hukumar NDLEA, ko da buhu ɗari yake nomawa.