Giyabos Ba Ƙarfen Kilo Ba Ne

Jama'ar unguwa, akwai asarar da muke jawo wa kanmu da hannunmu, sannan mu koma teburin mai shayi muna zagin dala. Ina nufin yadda muke farfasa tsofaffin motocinmu na shiga daji, irin su Land Rover da Land Cruiser da Hilux da Pajero na da, mu ɗora a sikeli a biya mu kuɗin kilo. Bayan wata biyu sai farfelar motar maƙwabci ta tsinke ta fasa masa akwatin giya. A zagaye Dilimi da Farin Gada a rasa, a aika Ƙofar Ruwa a Kano, a aika Panteka a Kaduna, daga ƙarshe a ce sai Ladipo a Legas. Alhali abin da ake nema har Legas, a bayan layinmu aka sa masa guduma.

Ga wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba, farfela ita ce doguwar sandar ƙarfen nan da ke ɗauko juyi daga giya ta kai wa aksul. Motar daji biyu gare ta, ta gaba da ta baya, kuma duk daga akwatin da ke manne a bayan giyabos suke fitowa, wanda kanikawa ke kira tiransifa. A kowane kai na farfela akwai kuros, ɗan ƙarfe mai hannu huɗu da ƙananan allurai a ciki. Ba abin da yake roƙo sai giris. In ya bushe kuwa sai ya yi gargaɗi: ka ji ƙwas idan ka tayar da mota, ka ji jikinta na kaɗawa idan ka ɗau gudu. Ranar da ya tsinke a guje, farfela dukan duk abin da ta tarar take yi, ta tsage kaskon tiransifa wanda na alminiyam ne, wani lokaci ta haɗa da bututun birki. A tsohuwar Land Rover ma birkin hannu a bayan tiransifa yake, ta farfelar baya yake riƙe taya. Farfela ta tafi, birkin hannu ya bi ta. Direban da ya san gangaren Hawan Kibo ba sai an yi masa fassara ba.

To, ta faru. Ina za ka samu wani? Ƙananan kaya kamar kuros da boris har yanzu ana ƙera su, za ka samu, ko da yake jabu ya fi yawa. Matsalar tana wajen manyan: kasko, giyabos sukutum, tiransifa, aksul. Land Rover ɗin da ake kira Series III tun 1985 aka daina ƙera ta, tsohuwar Defender kuma a 2016 aka rufe babinta. Saura kayan Beljiyam, su kuwa bayan dala suke bi. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A farkon 2024 ta haura 1,500. Duk ƙarfen da ya hau jirgin ruwa ya zo, da wannan lissafi ya sauka.

Ko kana da kuɗin ma, ba ka tsira ba, don waɗannan motoci suna ɗaya ne amma ciki bamban. Akwai gajeriya mai inci 88, akwai doguwa mai inci 109, farfelarsu ta baya ba tsawo ɗaya ba. Akwai shaf mai haƙori 10, akwai mai 24. Lissafin giyar aksul na Series 4.7 ne, na tsohuwar Range Rover 3.54, ga su kuma a ido kamar tagwaye. Ka sa ɗaya a gaba ɗaya a baya ka jona taya huɗu, sai tayoyin gaba da na baya su shiga kokawa da juna, tiransifar da ka sha wahalar samu ita za ta biya. Yanzu ka gaya mini, ta yaya za ka tantance wannan a hoton WhatsApp da wani yaron shago ya turo daga Legas? Cinikin biri a sama ke nan. Ka tura kuɗi, ka biya na mota, kaya su iso ba su shiga ba, mai shago ya ce an saya ba a mayarwa. Amma mataccen mota da ke kwance a Gangare ko Unguwar Rogo ko Rikkos, bakanikenka zai shiga ƙarƙashinta da tocila, ya ƙirga haƙora, ya gwada tsawo, ya tsiyaye mai ya duba ko akwai garin ƙarfe.

Wannan taskar ce muke ƙararwa. Jos ta tara irin motocin nan tun zamanin kamfanonin kuza da ma'aikatun gwamnati da asibitocin mishan, har a ƙasar nan an taɓa harhaɗa Land Rover a kamfanin Leyland na Ibadan. Babbar kasuwar Terminus ta ƙone a 2002, rigingimun 2001 da 2008 da 2010 sun cinye shaguna da gareji da motocin da Allah kaɗai ya san adadinsu. Ɗan abin da wuta ta rage mana, shi muke ƙarasawa da guduma.

Kuma ku duba yadda ake yi. Mai sikeli nauyi yake saye, bai damu da ko giya na shiga ba. Tunda alminiyam ya fi baƙin ƙarfe daraja, kaskon ake fara fasawa don a ware su. Haƙoran giya su hau tirela zuwa masana'antun narka ƙarfe irin na Ogijo a jihar Ogun, su dawo mana a matsayin rodi. Kaskon kuma ya tafi wajen masu zubin tukwane. Wato tiransifar da kake nema ruwa a jallo, wataƙila a cikinta aka tuƙa tuwon sunan da ka ci jiya.

Ban ga laifin 'yan gwangwan ba. 'Ya'yanmu ne da ƙannenmu, sana'a suke yi, abin da aka kawo musu shi suke aunawa. Da masu mota nake, musamman magada. Mahaifi ya rasu ya bar mota a ƙofar gida, kafin a yi arba'in an kira mai sikeli don a raba kuɗi a huta. Babu wanda ya tsaya ya tambaya ko inji kaɗai ya buga, giyarta lafiya lau. Da wasu kanikawa kuma nake, waɗanda suka san mota na kwance a unguwa amma suka yi gum, saboda kamashon odar Legas ya fi tsoka, kuma mai mota bai san da shi ba. Sai masu cewa a kawo a ɗan taɓa da walda. Farfela aba ce mai juyi da gudu, in aka yanke aka jona ba a daidaita ta ba, ta dinga jijjiga ke nan har ta cinye boris ɗin tiransifa. Araha ba ta ado.

Na san amsar da za a ba ni. Wani zai ce yau yake bukatar kuɗi, ba zai zauna jiran mai saye ba. Gaskiya ne, amma ai ba cewa aka yi ka ajiye mota tana tara ɓeraye ba. Bodi da shasi da mataccen inji, auna abinka yau ka karɓi kuɗinka. Abu huɗu kawai za ka cire: giyabos, tiransifa, farfela da aksul. Lungun zaure ya ishe su, kuma mai neman su ba da kilo zai taya ba.

Wani kuma zai ce zamanin motocin nan ya wuce. Ya wuce a ina? A kan kwaltar Ahmadu Bello Way wataƙila. Je ka ƙauyukan Bokkos da Mangu a watan Agusta, lokacin da hanya ta zama kunu, ka ga abin da ke fito da dankali bakin titi. Ka tambayi masu kayan gwari a Farin Gada nawa suke asara in kabeji da tumatir suka kwana biyu a gona ba mota. Sabuwar Hilux kuwa, mutum nawa ne a unguwar nan za su iya tunkarar ta? Mota ɗaya in ta kwanta, direba ya zauna, yaron mota ya zauna, 'yan dako sun zauna, gida nawa ke nan? Da tsohuwar zuma ake magani.

Don haka ga kirana ga shugabannin kanikawa, da masu sayar da kayan gyara, da shugabannin 'yan gwangwan, da masu unguwanni. A yi yarjejeniya cewa ba za a fasa motar daji ba sai bakanike ya duba ta. A buɗe littafi guda a ofishin ƙungiya, duk mai giya ko aksul a ajiye ya zo a rubuta irin motar, da lambar da ke jikin kasko, da inda za a same shi. Wanda farfela ta yi wa ɓarna ya fara da littafin nan kafin ya kira Legas. Mai sayarwa ya ba da rasit da mako guda na gwaji, in akwai aibi ya faɗa tun kafin a yi ciniki, don duk mun san hukuncin ɓoye shi. Bakanike ya faɗi la'adarsa a fili, halak ɗinsa ce in mai mota ya sani. Littafin nan zai kare su kansu 'yan gwangwan, domin duk ranar da aka zo cigiyar kayan sata, ga shaidar wanda ya kawo da ranar da ya kawo.

Wannan ba ya bukatar kasafin gwamnati ko zuwan ɗan majalisa. Littafi ne da biro da amana. Kai kuma direba, kafin damina ta kankama, shiga ƙarƙashin motarka ka kama farfela ka girgiza. In ka ji tana wasa, canja kuros yau, kuɗinsa bai kai na kasko ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa mu gyara.