Rawanin Bichi da darasin Kurdawa

A watan Mayun 2019 Gwamna Abdullahi Ganduje ya sa hannu kan dokar da ta raba masarautar Kano gida biyar, aka naɗa sarki mai daraja ta ɗaya a Bichi. Aka shaida wa manoman Tsanyawa, Kunci, Bagwai da Shanono cewa sun fita daga inuwar birni. Ranar 23 ga Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya soke dokar. Da aka maido da Rano, Gaya da Ƙaraye a watan Yuli a matsayin masarautu masu daraja ta biyu, ba a tuna da Bichi ba.

Kurdawa sun san ɗanɗanon irin wannan kyauta. A 1970 Bagadaza ta yi musu alkawarin cin gashin kai. Sarkin Iran ya ba su makamai don ya takura wa Iraƙi. Da ya sasanta da Saddam Husaini a 1975, ya janye hannu, tawayen Mustafa Barzani ya rushe cikin makonni. A Siriya ma, inda suka riƙe arewa maso gabas da bindiga da goyon bayan Amurka, watanni uku bayan faɗuwar Assad a Disambar 2024 Mazlum Abdi ya amince a narkar da hukumominsu cikin gwamnatin Dimashƙa. Abin da ya dore shi ne yankin Kurdistan na Iraƙi, wanda kundin tsarin mulkin 2005 ya tabbatar, da majalisarsa da kasonsa a kasafin ƙasa. Ko asarar Kirkuk a 2017 ba ta shafe shi ba.

Masarautar Bichi ta rigimar Ganduje da Sarki Sanusi II ce ta haife ta, kuma kayan aro ba ya rufe katara. 'Yan bokon yankin da ke kukan rawani sun bar jaki suna dukan taiki. Ikon da ya shafi takin manomi, hanyar kai gero kasuwa da maganin asibitin ƙauye yana cikin asusun ƙaramar hukuma. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a biya ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi. Wannan hakki daga tsarin mulki ya fito, majalisar jiha ba za ta soke shi a yini guda ba.

Saura lauyoyin Bichi da akantocin Dambatta su nemi a nuna musu nawa ya shigo kowane wata, wa ya sa hannu ya fitar, da kuma inda aka kashe shi.